Ragar da ke Zuciyar Sarkin Ruwa

Lima, 3 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Melitón,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Gumercinda da duk mutanen Tocrahua. Ni lafiya lau nake, sai ƙafa da ke kumbura saboda tsayuwa. Kwalin da kuka sa a motar Don Ciro ya iso. Cukun bai kai yamma ba, abokan aikina sun gama da shi. Gasasshiyar masarar kuwa na ɓoye, don ban yarda da kowa ba.

Na gode da ka daure ka aiko faifan hoton zuciyarka, bayan nacin wata biyar. Na nuna wa Dakta Ballón, wadda nake miƙa wa kayan aiki shekara shida ke nan a ɗakin da ake buɗe jijiyoyin zuciya. Sau uku ta kalle shi. Ta tambaye ni ko kana da ciwon suga, na ce shekara goma sha huɗu. Sai ta cire tabarau ta ce, "Kawo mini shi."

Bari in yi maka bayani dalla-dalla, don na san halinka. Ragar ƙarfen da aka sa maka a watan Fabrairu don ta tokare jijiyar da ta toshe, da hoton waje aka sa ta. Ana zuba wani ruwa a jini, a haska, a ga inuwar jijiya. Ga mutane da yawa inuwar ta wadatar. Amma suga yakan shafe cikin jijiya da datti daga farko har ƙarshe, sai ta fito a hoto siririya sumul, ka ce haka Allah ya yi ta. Likita ya auna raga da wannan sirantar, ya sa ƙarama, ko kuwa ta ƙi buɗewa duka, hoton kuma ya nuna komai daidai. Ban ga laifinsu ba, ba su da abin dubawa. Mu a nan muna da wata waya da ba ta kai kaurin zaren ɗinkin buhu ba. Ana zura ta ta wuyan hannu har cikin ragar, tana nuna bangon jijiya daga ciki.

Na samo maka ranar 12 ga Agusta, kuma da ƙyar. Ka zo kwana biyu kafin nan. Ka gaida Inna.

'Yarka,
Nélida

Tocrahua, 13 ga Yuli

Zuwa ga 'yar Lima, likitar gidanmu,

Mun gaishe ki, mun kuma ji daɗin lafiyarki. Ƙafa kuma ki riƙa ɗora ta a kan kujera, haka mahaifiyarki marigayiya take yi. Mu nan lafiya ƙalau. Sanyi ya ƙona wake a gonar ƙasa, saniya ta haihu, Innarki tana nan da bakinta.

Na karanta bayaninki har sau biyu, kuma kin iya bayani. Amma Nélida, ni babu inda ke yi mini ciwo. Likitan da ya yi aikin da kansa ya buga mini hoton a takarda, ga jijiya a buɗe tar. Innarki ta sa shi a gilashi ta rataye kusa da hoton waliyyi San Isidro, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Yanzu kuma wata da ba ta taɓa ganina ba ta ce a zura mini waya a sake leƙawa. Mutanen Lima in ba su leƙa cikin abu ba hankalinsu ba ya kwanciya.

Ranar da kika zaɓa kuwa, ko Fadan coci ne ya kira ni ba zan zo ba. Kin manta bana sandar ruwa a hannuna take? Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar shebur a bayan sandar wasu. Sau ɗaya take zuwa wa mutum a rayuwa, ba ta dawowa. Kin kuma san doka: daga ɗaya ga Agusta mai sanda ba ya kwana a wajen gari sai ruwa ya koma gonaki. Ranar tara a duba Kogon Jaki, goma da sha ɗaya a yashe magudana, ranar sha biyu a hau wurin Tsoho, babban dutsenmu, har gindin ƙanƙara inda idon ruwa yake, mai sanda ya sha kofin farko sannan a saki ruwa. Ki ce wa likitarki Satumba.

Bari in ba ki abin dariya. Ranar Lahadi na hau duba ƙofar ruwa ta sama, sai ga ni zaune a gindin gicciye ina hutawa, wurin da muke yi wa tsofaffi tsiya tun muna samari. Gumi ya jiƙa mini hula a cikin wannan sanyin, muƙamuƙi ya riƙe. Haƙorin nan ne na hagu, in an gama biki zan je a cire shi. Kada ki gaya wa Innarki.

Kawunki, Sarkin Ruwa na bana,
Melitón Suyo

Lima, 19 ga Yuli

Kawu,

Ina gaishe ku. Lafiyata lau, amma tun da na karanta wasiƙarka abinci ya ƙi shiga.

Abin da ka kira abin dariya shi ne ya tsinka mini zuciya. Ba haƙori ba ne. Gumi cikin sanyi, numfashi ya gaza, muƙamuƙi ya riƙe a kan hawa, duk zuciya ce. Suga yana kashe jijiyoyin da ke kai wa mutum labarin ciwo. Na ga masu suga da yawa an shigo da su a kan gado suna rantsuwa babu inda ke yi musu ciwo, wasu kuma ba su fita da ƙafarsu ba. Na karanta wa Dakta Ballón wannan layin, ta ce ko Satumba ko sha biyu ga Agusta, ita da za ta samu gobe ma ta fi so.

Ba za ka iya hawa wurin Tsoho ba, Kawu. Ka ba Don Zenón sandar, ai shi ne mataimakinka, ka taho.

Ka tuna shekarar da marigayi Don Hilario ya riƙe sanda? Ya tsaya a bakin Kogon Jaki ya ga ruwa yana shiga, ya zagaya ɗaya bakin ya ga yana fita, ya ce lafiya lau, a wuce. Kai ne ka ƙi. Ka cire takalmi, ka ɗauki fitila, ka rarrafa ciki, ka tarar rufin ya rufta a tsakiya, ruwa yana bi ta wata kafa da ba ta wuce tafin hannu ba. Da an bi ta Don Hilario da masarar gari duka ta bushe. Tun daga ranar aka sa doka mai sanda ya shiga kogon da kansa. Kai ka jawo wannan dokar. Hoton da ke kusa da San Isidro daga bakin kogo aka ɗauke shi. Abin da nake roƙo kawai, ka bar mu mu shiga da fitila.

Kai ka riƙe ni da Mama ta rasu. Ina jin tsoro, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Nélida

Lima, 30 ga Yuli

Kawu da Inna,

Ina fatan kuna lafiya. Kwana goma sha ɗaya ban ji daga gare ku ba. A tashar mota an ce masu zanga-zanga sun tare hanya da duwatsu, babu motar da ke hawa kwarin. Na buga wayar kantin Doña Hermelinda sau huɗu. Sau uku ba ta shiga ba. Na huɗu ta aika a kira ka, aka dawo aka ce Sarkin Ruwa ya ce yana aiki. Na san ba ka son wannan wayar saboda duk kanti yana saurare, amma da ka zo ka ce mini "ina nan" ma ya isa.

Ban saki ranar sha biyu ba. Kullum ana tambayata ko a ba wani, ina cewa a'a.

Nélida

Tocrahua, 3 ga Agusta

'Yata Nélida,

Ni ce Innarki. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da biro tun bikin aurenki da bai yiwu ba. Muna gaishe ki. Ni lafiya. Shi kuma bari in gaya miki gaskiya, tunda shi ba zai faɗa ba.

An buɗe hanya shekaranjiya, wasiƙunki biyu suka zo tare. Ya zauna a bakin murhu yana karanta mini ta farko da ƙarfi, har yana kwaikwayon muryarki. Da ya iso inda kika ce ba zai iya ba, ya ba Zenón sanda, sai ya tsaya. Ya ce, "Zenón. Wanda ya karkata ruwan gwauruwa zuwa gonarsa. Yarinyar da na goya ita ce take cewa in miƙa wa Zenón." Ya ninke takardar ya cusa a bayan hoton nan na gilashi. Sauran bai karanta ba, ta biyun ma bai buɗe ba.

Da ya fita na ciro na karanta har ƙarshe. A nan na ga labarin gumi da haƙori, wanda ya tsallake lokacin da yake karanta mini. Shekara arba'in da shi, sai a takardarki zan ji.

Kin yi kuskure da sunan Zenón, 'yata, amma sauran duk gaskiya ne. Na sa ido. In ya tsallaka tsakar gida da bokiti sai ya tsaya ya yi kamar yana duba kaji. Ga kuma giyar masara. Kin san kowane gida sai ya miƙa wa mai sanda ƙoƙo, kuma ba a mayarwa. Jiya gida bakwai. Ƙwayoyinsa dai yana sha, ni nake ba shi a hannu ina tsaye.

Na ce masa ya aika wani cikin kogon. Ya ce, "Dokar da na kafa da gwiwata ni zan fara karya ta?" Ban sake magana ba, don in aka matsa masa ƙara taurin kai yake yi. Zan nemi lokacin da zan karanta masa sauran.

Ki gaya mini abin da zan yi in ya faɗi. Kada ki ɓoye mini komai.

Gumercinda

Lima, 6 ga Agusta

Inna,

Na gode, Allah ya saka. Ban sani ba ko wannan za ta riga ranar tara isowa. In ya yi gumi ya rasa numfashi, ki zaunar da shi, kada ya kwanta shimfiɗe, ki sa masa ƙaramar ƙwayar nan a ƙarƙashin harshe, ki ba shi asfirin ya tauna, a nemi mota nan take. Kada kowa ya ɗura masa giya wai don ya farfaɗo.

Ki ce masa na tuba da maganar Don Zenón. Ya ba wanda ya ga dama, ko jakin Don Ciro ne. Ni dai ya zo da ransa.

Nélida

Tocrahua, 10 ga Agusta

'Yata,

Wannan a hannunsa za ta zo miki. Doña Hermelinda za ta buga miki waya ki tare shi a tasha. Don Ciro ya ce zai zaunar da shi a gaba kusa da shi, ya kuma damƙa shi hannun direban motar Lima da kansa. Wasiƙarki ta iso jiya da rana, bayan komai ya riga ya faru.

Jiya da safe yana shan romo na ciro takardarki ta farko na karanta masa daga inda ya tsaya. Labarin Don Hilario, har ƙarshe. Bai ɗago ba. Ya gama romonsa, ya goge baki, ya ɗauki sanda da fitila. Na bi shi da ƙwayoyi ɗaure a gefen zanena.

Maza sun kasu biyu yadda aka saba, wasu a wannan bakin, wasu sun zagaya can. Ya miƙa mini sandar in riƙe, ya cire takalmi, ya shiga da rarrafe. Kin san kogon, in mutum ya yi sauri kafin a gama taunar ganyen koka baki ɗaya ya fito. Aka tauna baki ɗaya, aka sake. Ina hango hasken fitila can tsakiya, ba ya motsi. Na ce wa Zenón, wanda muke kiran juna compadre da comadre saboda zumunta, "Compadre, ya tsaya." Ya ce, "Yana duba rufi ne, comadre, kin san mijinki, sai ya gaisa da kowane dutse." Suka yi dariya. Na can ma ashe haske suke gani suna hira. Na ƙwala masa kira, sai muryata ta dawo mini. Na ajiye hula zan shiga, sai hasken ya motsa.

Ya fito ta bakin da ya shiga, da baya. Fuskarsa kamar tokar murhu. Na zaunar da shi, na sa masa ƙwayar, don likitan farko ya taɓa nuna mini. Wani ya miƙo ƙoƙon giya, na ture shi da gwiwar hannu. Da numfashi ya dawo ya kama hannuna ya ce a hankali, "Gumercinda, kogon lafiya lau yake. Ni ne. Ina kwance cikin ruwa, iska ta ƙi shiga, ina jin suna dariya ta gaba da baya. Kuma babu inda ke ciwo. Shi ne ya ba ni tsoro."

Zenón ya matso yana miƙo hannu, wai ya rage mini nauyin sandar. Kawunki ya ce, "Bar ta inda take. Gumercinda ce za ta kai ku wurin Tsoho."  Zenón ya ce, "Mace ba ta riƙe sanda sai in mijinta ya mutu a kan aiki, kowa ya sani." Kawunki ya ce, "To ku ɗauka na mutu. In na dawo sai mu gyara maganar." Tsohuwa Eulalia ta ce ita ta gan shi da ya fito, kuma ta ga gawar da ta fi shi kyan gani. Aka ɗan yi dariya, magana ta zauna.

Don haka ba zan biyo shi ba. Mai sanda ba ta kwana a wajen gari. Na so in jefar da ita in shiga motar, shi ya hana. Ya ce in na bar ta, ya yi asarar biyu. Ban taɓa barinsa ya je ko kasuwar Chivay ba tare da na ɗaura masa abinci ba, yau ga shi zan sa shi a mota kamar kwalin cuku.

Ki riƙe mini shi, Nélida.

Gumercinda

Tocrahua, 13 ga Agusta

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaishe shi in yana ji. Mun sauko yanzu. Wayar kanti ta sake mutuwa tun shekaranjiya, Don Ciro kuma zai tashi, don haka ina rubuta wannan a tsaye ban san komai ba.

Mun hau. Gwiwoyina sun gaya mini shekaruna, amma ban zauna a gindin gicciye ba, don Zenón yana bayana. An yi addu'a, an binne wa Tsoho masara da koka. Da rana ta take, lokacin da na san kuna cikin ɗakin nan da shi, aka cika kofin farko aka miƙo mini. Maza saba'in suna jira in sha a saki ruwa.

Ban sha ba. Na juye shi a kwalbar da na taho da ita, na toshe. Zenón ya ce ba a taɓa yin haka ba. Na ce ba a taɓa samun mai sanda biyu ba, a saki ruwa. Aka saki. Ya iso gonaki.

Kwalbar tana cikin kwalin, a naɗe da safarsa. In yana raye ki ba shi ya sha. In kuwa ba haka ba, ki zuba masa a ka kafin ki kawo mini shi.

Gumercinda

Lima, 15 ga Agusta

Inna,

Yana raye. Ki zauna ki sha ruwa, sannan ki karanta sauran. Na buga wayar kanti har yatsana ya gaji.

Ya iso a gajiye, ƙafa a kumbure, yana yi wa iskar Lima tsiya wai ta yi kauri. Ranar sha biyu aka shiga da shi. Dakta Ballón ta fara ɗaukar hoton waje, irin na gilashinki. Na kalla, kuma wallahi Inna, da ni kaɗai ce da na ce ba laifi, ɗan siranta ne kawai. Sai ta ce in miƙo wayar. Da ta shiga cikin ragar, sai abin ya fito fili. Jijiyar ta fi yadda inuwa ta nuna faɗi sosai. Ragar a tsuke take a tsakiya, ba ta buɗe ba, wani tauri kamar dutse ya danne ta, nama kuma ya tsiro ya cike sauran. Hanyar jinin da ta rage, ban san yadda ta kai shi tsakiyar kogo ta dawo da shi ba.

Idonsa biyu, don ba a sa mutum barci. Ya ce, "Me kuka gani?" Dakta ta juyo masa da allon. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wa ya yi wannan yasar?" Ta ce suga. Ya ce a ci tararsa.

Da aka hura ɗan balan-balan don a buɗe ragar, jini ya tsaya na ɗan lokaci, bugun zuciyarsa ya rikice. Na yi wannan aikin ya fi sau dubu, amma ban taɓa yin sa a kan Kawu ba. Dakta ta ce, "Nélida, in ba za ki iya ba ki fita." Ban fita ba. Bugun ya dawo. Sau uku aka hura kafin taurin ya saki. Ta sake zura wayar ta duba daga farko har ƙarshe, ta ga raga ta manne da bango ko'ina, sannan ta cire safar hannu. Zai zauna wurina wata guda. Ƙwayoyi shekara cur ba fashi, ƙoƙon giya kuma sai dai ki riƙa karɓa masa.

Tun da aka fito da shi bai tambayi komai game da gari ba. Na yi masa zancen biki, ya juya zancen. Jiya na same shi yana kallon hannunsa na dama, wanda yake riƙe sanda da shi, yana buɗewa yana rufewa, kuma ba wurin allurar yake duba ba.

Yau da safe kwalinki ya iso. Na karanta masa wasiƙar duka, ban tsallake ko layin ƙarshe ba. Ya warware safar, ya riƙe kwalbar da hannu biyu, ya ce, "Wa ya fara sha?" Na ce ba kowa. Na ce ya bari in tafasa, ya yi mini wani kallo, na ƙyale shi.

Ya shanye tas. Ya ce, "Ki gaya mata akwai laka. Ba su yashe ƙofar sama da kyau ba." Sai ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa, kwalbar tana ƙirjinsa. Na ja labule na bar shi.

'Yarki,
Nélida